Kamawar Ƙwai Ba Ita Ce Cin Jarrabawa Ba

Ɗana, shekaranjiya da muka fito sallar magariba ka tare ni a ƙofar masallaci, ka ce maigidanka ya yarda ka je gwajin aikin hannu, kana so in sa maka albarka. Na sa, Allah ya ba da sa'a. Amma ƙarar tankokin man da ke wucewa ba ta bar ni na faɗi abin da ke raina ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka. In ka karanta, ka miƙa wa sauran yaran shagonku.

Na ga wayarin ɗin da ka yi a shagon ɗinkin da ke layinmu. Bututu ya miƙe sambal, soket-soket sun zauna daidai, ba wanda ya karkace. Hannunka ya faɗa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kai ma ka san ya faɗa, kuma da irin wannan zuciyar na je tawa jarrabawar na sha ƙasa.

A farkon shekarun 1980 ne. Matatar man da muke maƙwabtaka da ita sabuwa ce fil, a 1980 aka buɗe ta, masaƙun Kakuri kuma suna aiki dare da rana. Duk mai takardar aikin wuta a lokacin ba ya rasa na cefane. Na je gwajin aji na uku ina taƙama. Aka ba kowa allon katako da zane a takarda: ƙwai ɗaya, makunni ɗaya, soket ɗaya. Na riga kowa gamawa. Aka ba da wuta, na danna, ƙwai ya kama tar, har ina waigen na kusa da ni da ke ta fama da filaya. Sai mai jarrabawar ya iso, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Bai ko dubi hasken ba. Ya kashe makunnin, ya cire ƙwan, ya zura testa cikin mazauninsa. Testa ta kawo ja. Ashe a kan nutural na ɗora makunnin, wayar layif ta wuce kai tsaye zuwa holda. Fitila tana mutuwa in an kashe, amma wuta na nan kwance a ciki tana jira. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Matar gida ta kashe fitila, ta hau kujera za ta canza ƙwai da hannu a jiƙe. Wa ya kashe ta?" Ban iya cewa komai ba. A ƙafa na taho har gadar Kaduna don kunya, ko motar haya ban nema ba. Sai a zama na gaba na ci.

Na daɗe ina ganin dattijon nan mugu ne. Yanzu kusan kullum sai na yi masa addu'a.

Takardun aikin wuta dai kala-kala ne, kuma gara ka san wadda kake nema. Akwai Trade Test ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga aji na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya. Akwai ta NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, wadda ɗaliban makarantun fasaha irin ta Malali suke zanawa. Akwai kuma sabon tsarin NSQ da ke ƙarƙashin kulawar NBTE, wadda hedikwatarta take nan Kaduna a titin Bida; a wannan tsarin ana duba abin da mutum ya riga ya iya a hannu, ko da bai taɓa zama a aji ba, kamar masu sana'ar Panteka. In kuma Allah ya ɗaga ka har kana karɓar kwangilar wayarin da sunanka, to akwai shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki. Suna ya bambanta, amma duk inda ka je sai an tsaya a kanka an ga yadda kake aiki, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da idon mai jarrabawa yake fara bi shi ne abin da za ka yi kafin ka taɓa waya. A nan yaranmu suka fi faɗuwa, kuma ban cika ganin laifinsu ba. Kun tashi a garin da wuta ba ta zama. Sau nawa maigida ya ce maka, "Yi sauri, an ɗauke, gama kafin su kawo"? Da haka hannu ya saba shiga cikin waya ba tare da an kashe komai ba, ɗaukewar wuta ta zama ita ce kariyarku. Alhali wutar nan ba ta sallama in za ta dawo. Ga janaretan maƙwabci da aka haɗa ba canjoba, yana iya turo wuta ta baya. Ga sola da inbata da suka cika gidaje yanzu, mita a mace amma soket a raye. A ɗakin jarrabawa ba wanda zai ɗauke maka wuta. Kai za ka nemo birekar layin ka sauke, ka kulle ta ko ka cire fis ka sa a aljihunka, ka rataya alamar cewa ana aiki. Sannan ka ɗauko na'urar aunawa ka fara gwada ta a inda ka tabbata akwai wuta, ka dawo ka auna layin da ka kashe, tsakanin layif da nutural, layif da at, nutural da at, ka sake komawa ka gwada na'urar don ka tabbata ba a hannunka ta mutu ba. Za ka ga kamar ɓata lokaci ne. Minti biyu ne, kuma wanda ya tsallake su ana iya tsayar da shi nan take, komai kyan aikinsa.

Testar nan ta aljihu kuwa, mai kamar sukundireba, kada ka jingina ranka da ita. Ta tona mini asiri a waccan ranar, gaskiya ne, amma tana ƙarya. Cikin rana ba ka ganin haskenta sosai, in kana tsaye a kan busasshen katako tana iya yin dishi-dishi, wani lokacin kuma ta kawo haske a wayar da kawai take kwance kusa da mai wuta. Ka nemi mita mai ƙafa biyu ka saba da ita tun yanzu.

Bayan ka gama haɗawa, kada hannunka ya yi saurin zuwa ga bireka. Ana gwada aiki a mace kafin a ba shi rai. Ka auna ka ga kowace waya ta isa inda aka aike ta, musamman wayar at, tun daga soket na ƙarshe har zuwa sandar da aka kafa a ƙasa. Ka sa mega a kan bolt 500 ka ga ko rigar waya ta fashe a wani wuri cikin bututu. In karatun ya gaza megom 1, akwai matsala. Ka tabbata kowane makunni da kowane fis a kan layif suke, kada ka maimaita nawa. Ka san dalilin da ya sa ake sa na'urar da ke yanke wuta in ta zurare da miliyamf 30: ita ce ke tsakanin yaro mai wasa da ƙusa da makabarta.

Za a yi maka tambayoyi da baki, kuma yawancinsu ka san amsarsu a hannu, a baki ne ba ka saba ba. Me ya sa waya mai 1.5 take zuwa fitilu, mai 2.5 take zuwa soket? In aka ce hita mai wat 3000 ce a kan bolt 230, ka raba, za ka samu wajen amf 13, ka ga dalilin da bai kamata a rataya ta a layin fitila ba. Launin waya ma ka riƙe duka biyun: tsohon tsari ja da baƙi da kore, sabo kuma ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, don a gida ɗaya za ka iya tarar da su a gauraye. In Turanci ya sarƙe maka, kada ka yi shiru. Ɗauki alli ka zana, mai jarrabawa ma'aikaci ne, zai gane.

Wataƙila a ɓoye maka matsala a allo a ce ka nemo. Kada ka hau kwance komai kamar mai neman kuɗin da ya ɓata a ɗaki. Tambayi abin da ke faruwa, duba zane, raba layin biyu ka auna, ɓangaren da ya nuna ciwo ka sake raba shi. A Ingila, gwajin ƙarshe da suke kira AM2 yakan ci kusan kwana biyu da rabi, kuma neman matsala da kashe wuta bisa ƙa'ida kowanne sashe ne mai zaman kansa. Wutarsu bolt 230 ce, irin tamu, kuma ba ta fi tamu kisa ba.

Akwai wanda zai zo maka a gefe ya ce ka kawo kuɗi da hoto biyu, takarda za ta same ka har gida. Ka ce masa ka gode. Ranar da kamfani ya ɗauke ka ya tsayar da kai gaban fanel mai layi uku, bolt 400 tsakanin kowane biyu, mai sayar da takardar ba ya wurin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Allon katakona yana nan a zaure, da tsohuwar megata mai hannun juyawa, har yanzu tana aiki. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar da filayarka da mitarka, zan ɓoye maka matsala uku in zauna in yi shiru. Ka gaishe mini da maigidanka, ka ce ya ba ka aron makullin bireka.