DARASI NA TARA: CUTAR TSILAR KARE

1.0 Gabatarwa

A cikin cututtukan da ɗan Adam ke tarayya da dabbobinsa akwai wadda masana ke kira Ekinokokosis. A wannan darasi za mu kira ta cutar tsilar kare, domin a hanjin kare tsutsar da ke haddasa ta take zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai mutum fiye da miliyan ɗaya da ke ɗauke da ita, kuma ƙiyasin shekarar 2015 ya nuna tana hallaka kimanin mutum 19,300 a shekara.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana yadda cutar ke yaɗuwa;
(b) kawo alamominta da hanyoyin kare kai;
(c) koyar da ita da Hausa mai sauƙi.

3.1 Yadda Cutar ke Zagayawa

Wannan tsila ƙarama ce ƙwarai, tsawonta bai wuce milimita 7 ba, kuma ba ta cika wahalar da kare ba. Ƙwayayenta, waɗanda ido ba ya gani, sukan fito cikin kashin kare su warwatsu a ciyawa da ruwa da ƙasa. Idan tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi ya haɗiye su wajen kiwo, sai su ƙyanƙyashe a hanji, su bi jini zuwa hanta ko huhu. A can sukan zama ƙullutu mai kama da 'yar jakar ruwa, cike da 'ya'yan tsila. Ranar da aka yanka dabbar, mahauci ya ga hantar ta lalace, sai ya yanke ya jefa wa kare. Kare ya ci, 'ya'yan su girma a hanjinsa cikin 'yan makonni, zagayen ya koma farko.

Ya kamata a lura da wani muhimmin abu a nan. Mutum ba ya kamuwa ta cin nama mai ƙullutu. Yana kamuwa ne ta haɗiye ƙwayayen da suka fito daga kare, ko dai a hannun da ya shafa jikin kare, ko a ɗanyen ganye da ruwan sha da suka gurɓata. Yara masu wasa da karnuka da makiyaya su ne suka fi fuskantar haɗari.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan muni, wanda ke zagayawa tsakanin dangin yanyawa da ɓeraye a ƙasashe masu sanyi kamar Sin da Rasha da tsakiyar Turai. Shi yana cin hanta kamar ciwon daji.

3.2 Alamomi da Magani

Ƙullutun yana girma a hankali, har mutum ya shekara da yawa bai san yana ɗauke da shi ba. Kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar a hanta yake fito musu, sai huhu ke biye. Na hanta yakan kawo ciwon ciki da tashin zuciya da amai. Na huhu kuwa tari mai naci da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Idan ya fashe a ciki, ruwansa na iya jawo mutuwa nan take, ko ya haifar da sababbin ƙullutai.

Likitoci kan gano shi da na'urar ɗaukar hoton ciki. Daga nan sukan yi tiyata, ko su zuƙe ruwan da allura, ko su ba da maganin albendazol na watanni. Wanda ya riga ya ƙandare akan bar shi ana sa masa ido.

3.3 Rigakafi

Cutar ta fi yawa inda kiwo da karnuka da yankan gida suka haɗu, kamar yankin Turkana na Kenya da Sudan da Arewacin Afirka da kudancin Amurka ta Kudu. A Arewacin Nijeriya ma binciken mayanka ya gano ta a dabbobi, musamman raƙuma. Matakan kariya su ne:
(a) a ƙone ko a binne kayan ciki masu ƙullutu da zurfi;
(b) a hana karnuka shiga kwata da wurin yankan suna ko layya;
(c) a ba kare maganin firazikwantel aƙalla sau huɗu a shekara;
(d) a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a kuma wanke ganye.

Tarihin ƙasar Aisilan abin koyi ne ga malami. A ƙarni na 19 cutar ta addabi mutanenta ƙwarai. A 1864 wani likita ɗan Danmak, Harald Krabbe, ya rubuta ɗan littafi kan yadda take yaɗuwa, aka buga shi da harshen mutanen ƙasar aka rarraba. Wannan wayar da kai, tare da dokoki kan karnuka da yanka, ita ta kai su ga kawar da cutar a ƙarni na 20.

4.0 Kammalawa

Mun ga cewa hantar da aka jefa wa kare ita ce mahaɗin zagayen, kuma yanke wannan mahaɗi bai fi ƙarfin kowa ba. Malamin Hausa yana koyar da 'ya'yan mahauta da na makiyaya da harshen da ake ji a gidajensu. Abin da yaro ya fahimta a aji yana iya kai shi rumfar mahaifinsa.

5.0 Auna Fahimta

1. Zana zagayen rayuwar tsilar kare tare da bayani.
2. Me ya sa cin nama mai ƙullutu ya fi zama haɗari ta hanyar kare?
3. Yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimloli: tsila, ƙullutu, kwata, ƙyanƙyashe.
4. Rubuta wa Sarkin Fawan garinku wasiƙa ta jan hankali kan kayan ciki masu ƙullutu.