Zaɓen Idon Kyamara

Jama'a, yau za mu koyi wani abu game da ɗaukar hoto. Da yawa cikinmu muna da wayar hannu mai kyamara. Mu kan ɗauki hoton kasuwa, ko na tasha, ko na yara suna wasa a ƙofar gida. Amma sau da yawa in mun duba hoton sai mu ga mutane sun yi ƙanana kamar tururuwa. Wani lokaci kuma sai mu ga an yanke wa wani hannu, ko hancin wani ya yi ƙato. Mene ne dalili? Dalilin yana wajen idon kyamara, da wurin da mai hoto ya tsaya.

Mene Ne Idon Kyamara?

A gaban kowace kyamara akwai gilashi mai kumburi. Shi mu ke kira idon kyamara. Aikinsa tara haske. Wanda ya taɓa tara hasken rana da gilashi a kan busasshen ganye ya san wannan. In an ɗaga gilashin, an sauke, za a kai wani wuri inda hasken zai taru ya zama ɗigo ɗaya. Tazarar da ke tsakanin gilashin da ɗigon nan ita ce tsawon ido. Amma a kula, kada kowa ya dubi rana ta cikin gilashi, yana makantarwa.

Da milimita a ke auna tsawon ido. Milimita 25 kusan inci ɗaya ke nan. A jikin ido a kan rubuta lamba, kamar 28, ko 35, ko 50, ko 90. In lambar ƙarama ce, ido gajere ne, yana ganin fili mai faɗi. In babba ce, ido dogo ne, yana ganin wuri kaɗan, amma yana jawo abin da ke nesa.

Mun san wannan tun muna yara. In mutum ya sa idonsa daf da ramin zana, zai hangi tsakar gida duka. In ya ja da baya, ba zai ga kome ba sai turmi ko tukunya ɗaya. Gajeren ido kamar mai leƙe daf da zana ya ke. Dogon ido kuwa kamar wanda ya ja da baya.

Lissafin Taku Goma

A shekarar 1925 aka fara sayar da wata ƙaramar kyamara a Jamus, sunanta Leica. Wani ma'aikaci mai suna Oskar Barnack ne ya ƙago ta. Hoton da ta ke ɗauka a jikin fim faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24. Idonta na milimita 50 ne. Kafin ita yawancin kyamarori manya ne masu nauyi. Ita kuwa tana shiga aljihun riga, saboda haka masu hoto suka sami sauƙin yawo da ita a titi. Har yau da awon fim ɗin nan a ke kwatanta idanun kyamara.

To, mu ce mai hoto ya tsaya taku goma daga jerin rumfunan kasuwa. Ga faɗin abin da zai shiga hotonsa:

Ido mai lamba 28, kusan taku 13.
Ido mai lamba 35, kusan taku 10.
Ido mai lamba 50, kusan taku 7.
Ido mai lamba 90, taku 4.

Lissafin ba wuya. A ninka yawan takun sau 36, sa'an nan a raba da lambar idon. Mun ga ke nan mai 35 ya fi sauƙin tunawa. Gwargwadon nisanka da abu, gwargwadon faɗin hotonka.

Mutum Uku, Ido Uku

Bari mu ba da labarin mutum uku da suka yi suna wajen ɗaukar hoton mutane a titi.

Na farko Bafaranshe ne, Henri Cartier-Bresson. An haife shi a 1908, ya rasu a 2004. Yawancin aikinsa da Leica ya yi, da ido mai lamba 50. A 1932, a birnin Paris, a bayan wata tashar jirgin ƙasa, ya leƙa ta tsakanin katakon shinge. Sai ya ga wani mutum ya yi tsalle zai ƙetare ruwan da ya kwanta. Ya ɗauki hoton daidai lokacin da diddigen mutumin ya kusa taɓa ruwa. Hoton nan ya zaga duniya. A 1948 kuma yana Indiya, ya ɗauki hoton Gandhi jim kaɗan kafin a kashe shi. Mai lamba 50 ba ya ƙara girman abu ƙwarai, ba ya kuma rage shi ƙwarai. Yana fitar da mutum ɗaya ko biyu da ɗan abin da ke kewaye da su. Da ya ke ya daɗe da ido ɗaya, tun kafin ya ɗaga kyamara ya san abin da zai shiga.

Na biyu Ba'amurke ne, Garry Winogrand, mutumin birnin New York. Shi mai lamba 28 ya fi so. Ya kan kutsa cikin taro, ya ɗauki hoto daga taku biyu ko uku. A hotonsa za a ga wannan na dariya, wancan na sauri, wata na waiwaye, duk a lokaci ɗaya. Mai kallo sai ya ji kamar yana cikin taron. Amma gajeren ido yana kwaso tarkace da yawa, sai an ɗauki hoto barkatai kafin a sami mai kyau. Da ya rasu a 1984, an tarar ya bar naɗin fim wajen 2,500 da ba a ko wanke ba.

Na uku shi ne Saul Leiter, shi ma a New York ya yi aikinsa, ya rasu a 2013. Shi ya kan yi amfani da dogon ido. Ya kan tsaya a tsallaken titi, ko bayan gilashin kanti, ya ɗauko laima ɗaya, ko hula, ko mutum yana wucewa cikin ruwan sama. Dogon ido yana sa na gaba da na baya su yi kamar an matse su wuri ɗaya.

Duka ukun gwanaye ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Amfani Da Aibu

Gajeren ido yana da amfani a lungu, da cikin rumfa, da duk inda ba wurin ja da baya. Kusa da nesa duk su kan fito sarai. Aibinsa shi ne dole mai hoto ya matso. In ya tsaya nesa mutane za su ƙanƙance. In kuma ya matso fuskar mutum ƙwarai, hanci zai yi girma, kunnuwa su ja baya. Kusancin ne ya jawo haka, domin hanci ya fi kunne kusa da kyamara.

Dogon ido yana da amfani in akwai rafi ko titi tsakaninmu da abin. Aibinsa uku ne. Yana da nauyi. In hannu ya ɗan girgiza hoton zai ɓaci. Kuma yana raba mutum da wurinsa, sai a ga fuskar maƙeri, ba a ga maƙera ba.

Mai 35 da mai 50 suna tsakiya. Shi ya sa masu koyo da yawa da su su ke farawa.

Wayar Hannu Fa?

Babban idon yawancin wayoyi gajere ne, daidai da mai lamba 24 zuwa 28. Shi ne dalilin da ya sa mutane su ke ƙanƙancewa in mun ɗauka daga nesa. In mun taɓa inda aka rubuta 2x, mun koma kusan mai 50 ke nan. Amma in waya ba ta da wani ido dogo na dabam, jawo hoto da yatsa yanka ne kawai, in ya yi yawa hoton zai dushe. Gara mu matsa da ƙafa.

Mu Gwada Kafin Mu Saya

Idon kyamara yana da tsada. Kada mu sayar da akuya mu sayi abin da ba zai yi mana aiki ba. Ga gwaji na kyauta. Mu sami kwali, mu yanke taga a tsakiyarsa, faɗi santimita 18, tsayi 12. Mu rufe ido ɗaya. In mun riƙe kwalin santimita 14 daga ido, abin da mu ke gani shi mai 28 zai ɗauka. Santimita 25, mai 50 ke nan. Santimita 45, mai 90. Mu zaga gari da shi kwana bakwai. Inda hannunmu ya fi yawan tsayawa, nan idonmu ya ke.

In mun zaɓa, mu zauna a kan ido ɗaya ko da wata guda ne. Da haka za mu saba, har mu san inda za mu tsaya ba tare da awo ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Mutuncin Mutane

Saura magana ɗaya, ita ce babba. Wanda mu ke ɗauka mutum ne kamarmu. Gajeren ido yana tilasta mana mu matso, mu yi sallama, mu gaisa. Dogon ido yana ba mu damar ɗauka daga nesa, mai shi bai sani ba. Kada mu mai da wannan hanyar leƙen asirin mutane. Kada mu ɗauki matan aure ko 'ya'yan wani sai da izini. In mutum ya ce ba ya so, mu sauke kyamara, mu ba shi haƙuri. In ya yarda, mu nuna masa hoton, mu yi godiya.

Tambayoyi

1. Da me a ke auna tsawon idon kyamara?
2. Wanne ya fi ganin fili mai faɗi, mai 28 ko mai 90?
3. In mun tsaya taku biyar da ido mai lamba 90, faɗin taku nawa zai shiga hoto?
4. Wane ido Henri Cartier-Bresson ya fi aiki da shi?
5. Me za mu yi in mutum ya ce kada a ɗauki hotonsa?