Hakkin Mai Saye Idan Ɗan Kasuwa Ya Karye Da Kuɗinsa a Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya san kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, ya san cewa ciniki mai yawa a cikinta a kan kuɗin kafin alƙalami yake tafiya. Mutumin Gagarawa ya ba dillali kuɗin buhunan riɗi kafin a kawo su, manomin Sule Tankarkar ya biya kuɗin taki tun da bazara, magidanci a Gumel ya tura kuɗin babur ko injin ban ruwa ta waya yana jiran kaya su iso daga Kano. Muddin hanya a buɗe take, ba a jin kan kowa. Amma an rufe iyakar Maigatari daga watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai a watan Maris 2024. Irin wannan tsaiko shi ne yake karya ɗan kasuwa mai juya kuɗin mutane. To, idan aka wayi gari rumfa a rufe, ina hakkin wanda ya biya bai karɓi kaya ba?

Malaman fiƙihu suna kiran wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa muflisi. Idan masu binsa suka kai ƙara, alƙali yakan hana shi taɓa abin da ya rage a hannunsa, sa'an nan a sayar a raba musu. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin wani mutum daga ƙabilar Juhaina wanda yake sayen raƙuman hawa da tsada don ya riga alhazai isowa, har ya karye. Da aka kai maganarsa wurin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, sai ya yi shela cewa duk mai binsa bashi ya zo da safe a raba musu dukiyarsa. Tushen hukuncin ke nan: raba wa kowa a fili, gaban hukuma. Da zarar an yi masa wannan hani, bashin da lokacinsa bai yi ba ma ya zama na biya yanzu, kuma ba shi da ikon ya kira surukinsa ko abokinsa da dare ya sallame shi ya bar sauran.

Sai dai ba dukan masu nema ne suke matsayi ɗaya ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Akwai wanda ya sayi abu ayyananne. Misali mutum ya zaɓi ragon Layya, aka yi ciniki, ya biya, aka shafa masa fenti a ƙaho, ya bar shi amana wurin mai sayarwa zuwa jajiberen Salla. Wannan rago ya riga ya zama nasa tun sa'ad da aka ƙulla ciniki, ba ya cikin dukiyar da za a raba. Haka babur da aka rubuta lambar injinsa a rasit da sunan mai saye, haka kuma keken ɗinki da aka kawo gyara. Abin da ake bukata a wurinsa hujja ce kawai, ko shaidu ko takarda.

Akwai kuma wanda ya ba da kuɗi a kan abin da aka siffanta masa, ba a nuna masa shi ba, kamar buhu ashirin na riɗi da za a kawo da kaka. Wannan shi ne cinikin salam, kuma halal ne idan an san mudu ko nauyi, an san lokaci, kamar yadda ya zo a hadisin Ibnu Abbas game da mutanen Madina. Amma mai irin wannan ciniki ba shi da buhu ko ɗaya a cikin sito da zai ɗora hannu a kai ya ce nasa ne. Bashi yake bi, saboda haka sai ya shiga layi tare da sauran masu bin bashi.

Wani zai ce, ai Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya tarar da dukiyarsa ita kanta a wurin mutumin da ya karye, shi ya fi cancanta da ita. Gaskiya ne, kuma malaman Malikiyya sun yi aiki da wannan hadisi har a kan tsabar kuɗi. Shehu Halil ya nuna a Muhtasar cewa ko kuɗin da aka ƙera ne, mai su yana iya karɓe su idan aka tabbatar su ne ainihin waɗanda ya bayar. Ga sharaɗin fa: a gane su. Ƙunshin kuɗi da aka ɗaure aka ajiye gaban shaidu ana iya gane shi. Kuɗin da aka tura cikin asusun banki kuwa, daga shigarsu sun gauraye da na wasu kamar kofin ruwa da aka zuba a randa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da turawa ta waya, har a kara wurin cinikin shanu, kuma kaɗan ne suka lura cewa wannan ƙofa ta hadisin ta rufe a gare su.

Yadda ake rabon kuwa, gwargwadon bashi ne. A ɗauka ana bin ɗan kasuwa naira miliyan 4, abin da aka samu bayan an sayar da kayansa miliyan 1 ne. Kowa zai sami rubu'in abin da yake bi: mai dubu 400 ya karɓi dubu 100, mai dubu 40 ya karɓi dubu 10. Ba a duban wanda ya riga ba da kuɗi, ba a duban wanda ya fi ɗaga murya. Wanda ke riƙe da jingina ne kaɗai ake fara biya daga abin da aka jinginar masa. Mai bin riɗi ko gero kuma, ana yi wa kayansa kima ranar rabo, sa'an nan a saya masa irin kayan da kason da ya samu. Akwai wata mas'ala da Risala ta ambata wadda ya kamata magada su sani: wannan dama ta karɓe ainihin kaya tana nan ne idan mutum ya karye yana raye. In mutuwa ya yi, mai kayan daidai yake da sauran masu bin bashi a mazhabar Malik, domin mai rai ana sa ran ya sake samu ya biya sauran, mamaci kuwa abin da ya bari shi ke nan. Imamu Shafi'i bai bambanta tsakanin halayen biyu ba.

Yanzu sai maganar katin banki, wadda ita ce sabuwa a wannan babi. Wanda ya biya da kati ya shigo da wani na uku cikin ciniki, watau banki. A Ingila akwai dokar bashin masu saye ta 1974, wadda sashe na 75 a cikinta ya ɗora wa mai ba da katin bashi alhaki ɗaya da mai kanti, idan kuɗin kayan ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba. Saboda haka idan kanti ya rushe, mai saye ba ya jiran rabo, bankinsa yake nufa. Lokacin da kamfanin tafiye-tafiye na Thomas Cook ya rushe a watan Satumba 2019, ta wannan hanya masu tikiti da yawa suka nemi kuɗinsu. Wannan doka ta Ingila ce, ba ta aiki a Nijeriya. Abin da mai kati yake da shi a nan shi ne ƙa'idar kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard, wadda ta ba shi dama ya kai kuka bankinsa cewa ya biya bai sami kaya ba, bankin kuma ya janyo kuɗin daga bankin mai kanti. Tana da wa'adi, galibi kwana 120, kuma sai da hujja. Idan banki ya yi shiru har mako biyu, ana iya ɗaukaka kuka zuwa sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Nijeriya.

Shin karɓar kuɗin ta wannan hanya bai saɓa wa daidaito tsakanin masu bin bashi ba? Abin da ya fi bayyana shi ne bai saɓa ba. Bankin mai kanti ya yarda da wannan sharaɗi tun ranar da ya ba shi na'urar karɓar kuɗi, saboda haka matsayinsa ya yi kama da na mai lamuni. Mai lamuni kuwa yakan biya, sa'an nan shi ya koma ya bi wanda ya tsaya wa. Amma halaccin karɓar kuɗi daban, halaccin katin kansa daban. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta yanke cewa katin bashi da aka sharɗanta ruwa a kansa bai halatta ba, ko da mai shi ya yi niyyar biya kafin ruwan ya hau. Kada kwaɗayin kariya ya kai Musulmi ga sa hannu a kan riba. Katin da yake cire kuɗi daga abin da mutum ya ajiye a asusunsa, wanda shi ne a aljihun yawancin mutane a ƙasar Gumel, ba shi da wannan illa.

Ga wani wuri da ake yawan tuntuɓe. Mutum ya sa katinsa a na'urar mai POS da ke bakin kasuwa, ya karɓi tsabar kuɗi ya kai wa mai kaya, ko ya ce a tura masa. A wurin banki, wannan mutum da mai POS ya yi hulɗa, kuma mai POS ya cika aikinsa. Ba abin da za a janyo. Haka nan wanda ya tura kuɗi da kansa daga asusu zuwa asusu. Kariyar tana aiki ne idan an sa katin a na'urar kantin kansa, ko a shafinsa na intanet, sunansa ya fito a takardar biya. Wanda kuma banki ya mayar masa da kuɗinsa, haramun ne ya koma ya shiga rabo da sauran, kamar yadda haramun ne ya ce bai karɓi kaya ba alhali suna ɗakinsa.

Shi ma wanda ya karye yana da hakki. Ana bar masa abincinsa da na iyalinsa, da tufafin da suka saba sawa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id cewa wani mutum ya yi hasara a 'ya'yan itacen da ya saya, aka tara masa sadaka ba ta isa ba, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci masu binsa su karɓi abin da aka samu su haƙura da shi. Saboda haka fasa masa rumfa da dare, ko tare matarsa a hanya, zalunci ne. Wanda ya ɓoye dukiya ya yi da'awar karyewa kuwa, alƙali yana da ikon tsare shi har gaskiya ta fito.

Dukan abin da aka ambata yana komawa ga hujja, shi ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Mutane suna jin nauyin cewa tsohon abokin ciniki ya rubuta, ga shi kuwa ranar rabo takarda ce take magana. Mai ba da kafin alƙalami ya sa a rubuta adadin kuɗi, da irin kaya, da ranar kawowa, a kuma sa alama ga abin da ya riga ya zaɓa. Idan ɗan kasuwa ne shi kaɗai, ana kai ƙarar bashi kotun shari'a ta yankin. Idan kamfani ne mai rajista, rushe shi aikin Babbar Kotun Tarayya ne, inda ake fara biyan masu jingina da albashin ma'aikata kafin a zo kan mai saye, kuma wajibi ne ya kai takardunsa ga wanda aka naɗa ya tattara dukiyar kafin wa'adin da aka sanar ya cika. Wallahu a'alamu.