Darasin da Na Koya a Kan Dutsen Goat Fell

'Yan'uwana ɗalibai, ku da za ku koyar da labarin ƙasa, ina so in ba ku labarin wani dutse da na hau, gama a kansa ne na gane kuskuren da na daɗe ina koya wa yara.

Sa'ad da nake karatu a Gilasgo, a ƙasar Sikotlan, abokaina suka ja ni zuwa wani tsibiri da ake kira Arran, kusa da gaɓar yamma. Tsawonsa kamar mil 20 ne, faɗinsa kuwa wajen mil 10. Muka shiga jirgin ruwa a Ardrossan, kafin sa'a guda ta cika mun sauka a garin Brodick. Tun muna cikin jirgi muke hangen dutsen, Goat Fell, wanda ya fi kowane dutse na tsibirin tsawo: ƙafa 2,866, watau mita 874. Wasu sun ce sunan nan dutsen akuya yake nufi, wasu kuwa sun ce dutsen iska. Ni dai ban ga akuya ko ɗaya ba, amma iska na sha ta har na gode Allah.

Mutanen can hawan dutse suke yi don nishaɗi kawai. Ran nan hanya cike take, har da tsofaffi da sandunansu. Da fari sai mu ratsa kurmi, sa'an nan fili mai ciyayi da laka, daga nan kuma babu kome sai manyan duwatsu kan duwatsu. Na tafi da takalmin zuwa aji, na ƙi jin shawara. Muna gab da ƙoli hazo ya rufe mu, ban iya ganin wanda ke gabana ba, santsi ya kwashe ni na kurje gwiwa. Da a gefen kwazazzabo ne, da ba ni ne ke rubuta wannan ba.

To, ina zaune ina duba ciwo, sai idona ya faɗa kan dutsen da ya ji mini. Ashe na san shi! Giranit ne, irin dutsen nan mai ɗigo-ɗigo da ake fasawa a yi tsakuwar gini, ɗan'uwan Kufena ta Zariya. Dukansu narkakken dutse ne da ya huce a hankali a can ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ƙwayoyinsa manya ne har ido na ganinsu. Sai dai na Arran yaro ne, shekarunsa kamar miliyan 60. Kufena kuwa ta haura miliyan 500.

Da hazo ya yaye, na duba ƙasa na ga kwarin Glen Rosa, mai faɗin ciki kamar kwale-kwale, da tsaunuka masu kaifi kamar haƙoran zarto. Me ya sa dutse iri ɗaya, namu ya zama sumul kamar ƙwarya a kife, nasu kuwa ya yi tsini? Amsa ita ce, masassaƙin ne ya bambanta. Can ƙanƙara ce ta yi aikin. Ta taɓa lulluɓe ƙasar, tana gangarowa a hankali tana kankare kwari, sai wajen shekara dubu goma sha ɗaya da suka wuce ta ƙarasa narkewa. Har yau kuma ruwa kan shiga tsaga, ya daskare da dare, ya kumbura, ya faɗaɗa ta.

Ga inda na yi kuskure. Nakan gaya wa yara cewa zafin rana da sanyin dare ne kaɗai suka mulmula duwatsunmu, haka na haddace. Da na koma na bincika, sai na tarar yawancin aikin a ɓoye aka yi shi. Ruwan sama mai ɗumi yana nutsewa cikin ƙasa, yana bin tsagogi yana ruɓar da dutse, ya fi cin kusurwoyi. Daga baya zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, ta bar mai taurin a tsaye. Duwatsun nan na Riyom da ke ɗore kan juna kamar wani ya jera su, ta haka suka samu.

Tsibirin nan ya taɓa yi wa wanda ya fi ni darasi. A 1787 James Hutton ya je can, ya ga wasu duwatsu kwance bisa wasu da suka karkace kusa da Lochranza, abin ya ƙarfafa ra'ayinsa cewa duniya ta tsufa ƙwarai fiye da yadda ake zato a zamaninsa.

Saboda haka idan kun fita gwajin koyarwa, ku nemi izinin shugaban makaranta ku kai yara dutsen da ya fi kusa. Ku tafi da sassafe, kada ku je ranar da aka yi ruwa. Ku sa kowane yaro ya ɗauko ɓarɓashin dutse daga gindin wata tsaga ya murza a tafin hannu, ya faɗi abin da ya gani, kafin ku buɗe baki ku yi bayani. Ku kuma duba takalman ƙafarsu tun kafin a bar makaranta.