Ko Akwai Motar Igiya a Dutsen Zuma?

Wani mai sauraronmu daga Suleja ya aiko da tambaya: shin akwai motar nan mai rataye a igiyar ƙarfe da ke hawa da mutane kan duwatsu a Dutsen Zuma, kuma ina ake samunta a Najeriya?

To Malam, babu ita a Zuma. Dutsen nan da ke bayan tsohuwar takardar naira 100, mai hankali ba ya hawansa sai da ɗan jagora.

Wadda aka fi sani a ƙasar nan tana tsaunin Obudu, Jihar Kuros Riba. An buɗe ta a 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, kuma tsawon igiyarta ya kai kimanin kilomita 4. Inji ne a tasha ke juya igiyar, akwatunan fasinja kuwa maƙale suke da ita, suna bi ta saman kwaruruka da daji har su kai tudun da ya haura mita 1,500 daga matakin teku. Sanyin can ba wasa ba ne, a tafi da rigar sanyi. Sai dai a bincika kafin a kama hanya, domin ta sha tsayawa aiki, abin da ke ba mu takaici matuƙa.

Ga mai neman wurin shaƙatawa kusa da gida kuma, ga magangarar ruwa ta Gurara. Da damina ruwan na ambaliya da ƙarfi, kallo daga nesa ya fi. Da rani yakan ja baya, iyali su zauna kan duwatsu su sha iska.