Amsar Tambaya: Kalmomin Ado da na Ƙarin Gishiri a Turanci

Wata ɗaliba daga Dutse Uku a Jos, mai shirin jarrabawar WAEC, ta nemi bayanin bambancin decorate da embellish da exaggerate, domin ƙamus ya nuna mata kamar ma'anarsu ɗaya.

Kalmar decorate ta tsaya ne ga ƙawata abin da ido ke gani, kamar ɗakin amarya ko zauren taro, kuma ba ta ɗauke da zargi ko kaɗan. Exaggerate kuwa, wadda asalinta Latin ne mai nufin tara abu tsibi guda, tana nufin zuzuta magana har ta wuce gaskiya, irin abin da masana adabin Hausa ke kira kambamar zulaƙe idan mawaƙi ya yi shi da gangan.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne embellish, wadda ta shigo Turanci daga Faransanci, domin fuska biyu gare ta: idan riga aka yi wa, yabo ne, amma idan labari ne, ana nufin mai bayarwa ya ƙara gishiri, ko da ginshiƙin maganar gaskiya ne. Haka embroider take, wato yin surfani a babbar riga, wadda ita ma ake arawa ga mai ƙawata zance. Saboda haka, a rubutun jarrabawa, ya kamata ɗalibar ta fara duba abin da aikatau ya faɗa kansa, kaya ne ko magana, kafin ta zaɓi kalma.