Kundin Gida: Mu Ajiye Abin da Ruwa Bai Ci Ba

Kwanakin baya muka yi jana'izar wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Shanga. Bayan an watse, 'ya'yanta suka buɗe adakarta don su raba 'yan kayanta. A can ƙasa, ƙunshe cikin tsohon zane, suka sami hoto ɗaya. Mutum shida ne a tsaye gaban rumbu, ga kogi a bayansu. Aka miƙa hoton daga hannu zuwa hannu. Wannan ya ce na tsakiya kakansu ne, wancan ya ce a'a, ƙanen kaka ne. Aka juya bayan hoton, ba suna, ba shekara. Babban ɗanta ya dube ni ya ce, “Fasto, wadda ta san su ita ce muka binne ɗazu.”

'Yan'uwa, wannan magana ce ta sa na rubuta darasin wannan wata. Ina so mu koyi wani ɗan aikin hannu mai sauƙi, wato haɗa kundin gida. Littafi ne wanda mutum ya ke manna hotuna da takardu da sauran ƙananan abubuwa a ciki, ya rubuta labarinsu a ƙarƙashi. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman ƙasar Hausa tun dā suna da kundi, inda su ke tara warƙoƙin da su ke ji da su, suna ajiyewa cikin gafaka. Turawa kuma suna yinsa don nishaɗi, har wani marubucin Amurka, Mark Twain, ya ƙago littafi mai ƙaro a jikin shafinsa a 1873, sai dai a jiƙa a manna.

1. Me ya sa maganar ta shafe mu?

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964. A 1968 aka tare kogin Kwara, ruwa ya taru ya zama tafki, tsawonsa ya fi mil 80. An ta da mutane fiye da 40,000 daga gidajensu, aka kai su sababbin ƙauyuka. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. Babban gungun nan na Foge ruwa ya rufe shi, haka kuma gungaye da yawa na ƙasar Yauri, inda Gungawa su ke noman albasa da kamun kifi.

Mutumin Kano ko na Katsina yana iya kama hannun jikansa ya kai shi ƙofar gidan kakanni, ya ce, “Ga inda aka haife ni.” Mutane da yawa a ƙasar Yauri da Ngaski ba su da wannan hali, gama garinsu yana ƙarƙashin ruwa. Abin da ya rage shi ne abin da ke bakin tsofaffi, da 'yan takardun da ke cikin adaka. Ku lissafa da kanku: yaron da ya ke da shekara goma a 1968, an haife shi a 1958. Yanzu dattijo ne mai furfura. Waɗanda su ke manya a lokacin kuwa kaɗan ne suka rage.

Ba gari kaɗai ke nutsewa ba, har da harshe. Yawancin Shangawa sun koma Hausa, Shanganci ya rage a 'yan ƙauyuka kaɗan. Idan akwai tsohon da ke jinsa a gidanku, ko sunayen kifi da na itatuwa da gaisuwar safe ka rubuta daga bakinsa, ka yi babban aiki.

2. Labarin wani littafi a Busa

Wajen 1806 Bature mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a ruwan Busa. A 1830 waɗansu 'yan'uwa biyu daga Ingila, Richard Lander da John Lander, suka zo neman takardunsa. A Busa aka kawo musu wani littafi wanda wani mutum ya tsamo daga kogi, ya naɗe shi da ƙyalle, ya adana shi fiye da shekara ashirin. Da suka buɗe, sai suka ga littafin lissafi ne na matuƙan jirgi. A tsakanin shafuffukansa akwai 'yan takardu, ɗaya ta kuɗin ɗinki daga wurin tela, ɗaya kuma ta gayyatar Park zuwa cin abinci. Suka wuce Yauri suka yi makonni suna neman littafin da Park ya rubuta labarin ƙarshen tafiyarsa, ba su samu ba.

Akwai koyarwa biyu a nan. Ta fari, takarda tana iya fin mai ita daɗewa idan ta sami mai kula da ita. Ta biyu, takarda ba ta faɗin abin da ba a rubuta a kanta ba. Takardar tela ta tsira, amma labarin da a ke nema ya ɓace. Haka hoton tsohuwar nan ya tsira, sunayen kuwa suka tafi tare da ita.

3. Kayan aiki

Ba a bukatar kuɗi da yawa. Ka nemi babban littafi mai bango mai ƙarfi, irin na rajista, wanda aka ɗinke da zare. Wanda aka haɗa da ƙarfe ba shi da kyau, gama ƙarfen ya kan yi tsatsa da damina ya ci takarda. Ka nemi fensir, da almakashi, da reza, da rula, da ƙaro, da farar takarda, da 'yan ambulan. Sai akwatin ƙarfe mai murfi na ajiya.

Kafin ka fara, ka yanke shafi ɗaya daga cikin kowane uku, ka bar gindinsa kamar faɗin yatsa. In ba ka yi haka ba, littafin zai kumbura sa'ad da ya cika, bayansa ya tsage.

4. Me za a sa a ciki?

Kada ka ce ba ka da kome. Duba adaka da ƙarƙashin katifa. Akwai hotunan biki da na suna. Akwai katin gayyatar aure, da katin asibiti na jariri, da sakamakon jarrabawar yaro, da wasiƙar ɗan da ya tafi soja. Akwai tsohuwar takardar haraji ta kaka. Wanda ya sami takardar sule biyar ko ta fam ɗaya, ya sa ta, gama tun Janairu 1973 naira da kwabo suka gaji fam da sule, yaran yanzu ba su taɓa ganinsu ba. Mace ta yanki ɗan ƙyalle daga zanen aurenta ta ɗinka a shafi.

Yawon da iyali suka fita ma ya isa a ba shi shafinsa. Ko kun tafi kasuwar Yelwa ne, ko kallon tseren jirage na Rigata, ko ziyarar dangi a Wara, ko ganin madatsar ruwa, ku komo da wani abu: hoto, ko takardar mota, ko ganyen itacen da kuka huta a inuwarsa. Ganye sai a danne shi tsakanin takardu da dutse mai nauyi har mako biyu, ya bushe sarai, kāna a manna.

Bari in ba ku misali daga nawa kundin. Wata rana da hunturu na kai yarana bakin ruwa. Muka tarar da wani tsohon Basarke yana gyaran taru. Ƙaramin ɗana ya tambaye shi, “Baba, ba a ruwan sama, me ya sa kogi bai janye ba?” Tsohon ya yi dariya, ya bayyana masa cewa Kwara tana kawo ruwa sau biyu. Farin ruwa shi ne na daminarmu, mai laka, yana zuwa wajen Agusta da Satumba. Baƙin ruwa kuwa daga ƙasar Gini ya ke tasowa, ya daɗe a fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ba ya isowa nan sai da sanyi. Da muka koma gida, yaron ya zana jirgin tsohon, yayarsa ta rubuta bayanin, ni na sa kwanan wata. Ba mu ɗauki hoto ko ɗaya ba, amma duk littafin ba shafin da su ke so kamarsa.

5. Yadda a ke mannawa

Kada ka shafa wa bayan hoto ƙaro. Ɗora shi a kan shafi, ka sa alama da fensir a kusurwoyinsa huɗu, ka tsaga kowace kusurwa a karkace da reza, ka cusa kunnuwan hoton a ciki. Da haka za a iya zare shi ran da a ke so a sake wanke wani.

Kada ka yi aiki da salatif. Bayan 'yan shekaru ya kan bushe ya fāɗi, ya bar tabo ja wanda ba ya fita. Kada ka yi da kokon rogo ko na fulawa, gama abinci ne, kyankyaso zai bi shi ya cinye takardar. Allura da ƙusa suna tsatsa. Ƙaro kaɗan a kusurwa ya isa ga takarda marar nauyi.

Takardar jarida tana da tsami a jikinta, shi ya sa ta kan yi ja ta karye, ta kuma ɓata abin da ta taɓa. In ka yanko labari daga jarida, ka ba shi shafinsa dabam, ka sa farar takarda tsakaninsa da hoto. Rasiɗin nan mai santsi da injin banki ke fitarwa, da zafi a ke buga shi, ba da tawada ba, rubutunsa ya kan dushe. Ka kwafe abin da ke ciki da hannu tun yana karantuwa.

Hoton da ke cikin waya ba a ajiye ya ke ba tukuna. Waya tana ɓata, tana fāɗawa ruwa, a kan sace ta. Zaɓi goma mafi muhimmanci a shekara ka kai a wanke maka su a takarda.

6. Rubutu shi ne ran kundi

A ƙarƙashin kowane abu ka amsa tambaya biyar. Wane ne? A ina? Yaushe? Me ya faru? Wa ya faɗa mini? Ka rubuta cikakken suna da sunan uba, daga hagu zuwa dama. “Inna” ba ta isa ba, gama jikanka ba zai san ko innar wa ce ba. Ka sa rana da wata da shekara. In ba a san shekara ba, ka rubuta abin da tsofaffi su ke ƙirga da shi, kamar “shekara biyu kafin tashi”, ko “shekarar da aka canja kuɗi”, mai karatu zai lissafa.

A bayan hoto da fensir mai laushi a ke rubutu, ba a dannawa. Biro ya kan huda, tawadarsa kuma ta kan ɓullo ta gaba.

In za ka tambayi tsoho, kada ka ce, “Ba ni tarihi.” Zai ce ba shi da shi. Tambaye shi ƙananan abubuwa. Gidan wa ke gabas da naku? Ina a ke ɗaure jirage? Me kuka fara ɗauka ran tashi? Me kuka bari? Ka shimfiɗa takarda ya nuna maka da yatsa, kai kana zana taswirar tsohon gari. Ka rubuta da irin maganarsa, kada ka gyara masa. In tsofaffi biyu suka saɓa, rubuta duka biyu da sunan kowa. Kai magatakarda ne, ba alƙali ba.

7. Abokan gāban takarda

Su huɗu ne: gara, da danshi, da ɓera, da rana. Ga mu mazauna bakin ruwa akwai na biyar, wato ambaliya, kamar wadda ta ci gonaki da gidaje a jihar Kebbi a 2020. Ka naɗe kundi da farin ƙyalle mai tsabta, ka sa shi cikin akwatin ƙarfe tare da busasshen ganyen dogon yaro. Ka ɗora akwatin a bisa, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kada ka ƙulle shi cikin leda har tsawon damina, gama leda tana riƙe gumi, sai takarda ta yi fumfuna. In za ku haye ruwa da shi ne, to, a sa a leda, a fitar da an sauka. Da hunturu ka buɗe shi a inuwa ya sha iska.

8. Gargaɗi uku

Takardar gona, da ta aure, da ta haihuwa, da ta gama makaranta, ba a manna su. A sa hotonsu a kundi, ainihinsu kuwa a ajiye cikin ambulan.

Kada kundi ya zama wurin tonon asiri ko ajiye ƙullin zuciya. Abin da aka faɗa maka a amana, bar shi a ciki. In ka ari hoton wani, ka mayar masa da shi da sauri.

Kada ka mai da shi abin fahariya, ka cika shi da ranakun daɗi kaɗai. Shekarar da ruwa ya ci shinkafa, da sunan jaririn da bai yi kwana arba'in ba, su ma na gidan ne.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka tare Kwara a Kainji, me kuma ya sami Tsohuwar Busa?
2. Me 'yan'uwan nan biyu suka samu a Busa, me kuma suka rasa?
3. Don me ba a manna hoto da salatif ko da koko?
4. Faɗi tambayoyi biyar da a ke amsawa a ƙarƙashin kowane hoto.

Aikin wannan wata

Ka ɗauki hoto mafi tsufa a gidanku, ka tafi da shi wurin wanda ya fi kowa shekaru a danginku, da fensir a aljihu. Ka tafi a makon nan. Iyalin tsohuwar nan sun yi haka daga baya, suka bi ƙauyuka uku da hoton, har suka sami wani dattijo wanda ya gane mutum biyu. Sauran huɗun ba wanda ya san su.